Intex Explorer K2 a ruwayen arewa: jirgin kaka ne, sauran watanni da sharaɗi

Intex Explorer K2 kwale-kwalen roba ne da ake hurawa da famfo, irin wanda ake kira kayak, na mutum biyu, launin ruwan ɗorawa da baƙi. Yana cikin waɗanda aka fi cin karo da su a kasuwannin intanet da wajen masu shigo da kayan ninƙaya, saboda yana cikin mafi araha. Tsawonsa santimita 312, faɗinsa 91, kuma kamfanin Intex da ke ƙera shi ya ƙayyade masa ɗaukar kilo 180, mutane da kayansu gaba ɗaya. Shi kansa nauyinsa kimanin kilo 14 ne, idan an naɗe shi yana shiga but ɗin ƙaramar mota, har a bayan babur ana ɗaure shi. A cikin kwalin akwai filafili biyu na alminiyam masu tsawon santimita 218, da famfon hannu, da kujeru biyu na hurawa, da wani ɗan fiffike mai tauri da ake zurawa a ƙarƙashin bayan jirgin, da ɗan ma'aunin roba, da faci. Babu rigar kariya daga nutsewa. Ita sai an saya daban, guda biyu, kuma gara a haɗa kuɗinsu cikin lissafi tun kafin a biya kuɗin jirgin.

An ƙera shi ne don tafki mai kwanciya da rafi mai tafiya a hankali. A nan, daga Oktoba zuwa farkon Disamba yana biyan kuɗinsa. A hunturu da bazara ana iya amfani da shi da sassafe kawai. A tsakiyar damina kuwa wurinsa ɗaki.

Haɗa shi ba ya wuce minti goma zuwa sha biyar ga mutum ɗaya, amma yawancin ɓarnar da ake yi masa a wannan ɗan lokacin ake yin ta. Robar jikinsa ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, bakin ruwayenmu kuwa cike yake da tsidau da ƙarangiya da ƙayar bagaruwa da fasassun kwalabe. Saboda haka a fara shimfiɗa tamfol ko tsohuwar tabarma, a warware jirgin a kai. Manyan ɗakunan iska uku ne, gefe biyu da ƙasa, kowanne da lambarsa a jiki, kuma a bi lambobin a jere. Bawul ɗin gefe hawa biyu ne: ƙaramin murfi na sama shi ake buɗewa a sa famfo, gindin kuma shi ake kwancewa gaba ɗaya idan za a sace iska. Idan yashi ya shiga zaren gindin, ko aka ɗaura shi a karkace, jirgin zai riƙa yin laushi a hankali, mai shi ya yi ta neman huji inda babu huji. A goge zaren da tsumma, a ɗaura da hannu har ya zauna daidai, ba tare da filaya ba.

Ma'aunin nan da mutane da yawa suke jefarwa tare da kwali shi ne abu mafi muhimmanci a ciki. A jikin jirgin akwai wani layi da aka buga. Ana hura iska har layin ya miƙe ya yi daidai da santimita 10 a kan ma'aunin, sai a tsaya. Da ka danna da babban yatsa zai ɗan lotsa, kuma haka ake so. Kada a kai shi wajen mai faci ya hura da kwamfuresa, daƙiƙa kaɗan sun isa su yaga ɗinkinsa. Bayan an sa shi a ruwa, sanyin ruwan kan sa iskar ciki ta tsuke, jirgin ya yi laushi bayan minti biyar zuwa goma. Nan ne ake ƙara bugu huɗu ko biyar na famfo, shi ya sa famfon yake bin jirgin ba a barin sa a mota.

A kan ruwa mai kwanciya, abin da zai fara burge sabon shiga shi ne rashin tangaɗi. Faɗinsa da kumburin gefensa sun sa kifar da shi sai an yi da gangan. Kuɗin wannan kwanciyar hankalin shi ne rashin sauri: kilomita uku zuwa huɗu a awa shi ne abin da mutum biyu za su iya riƙewa ba tare da sun galabaita ba, kuma duk bugun filafili sai hancinsa ya karkata gefe. Fiffiken ƙasan nan ne yake rage wannan karkatar. In babu shi, rabin ƙarfin mai tuƙi a gyaran hanya yake ƙarewa. Matsalarsa ita ce yana zamewa ya faɗi idan ya goga ƙasa ko ciyawa ta kama shi, kuma samun wani a kasuwa ba abu ne mai sauƙi ba. A huda shi da ƙusa mai zafi, a zura igiyar nailan, a ɗaure a igiyar bayan jirgin. Inda ruwa bai kai gwiwa ba, a cire shi a sa a ciki.

Maganar mutum biyu kuma a ɗauke ta da hankali. Maza biyu masu kilo 80 kowanne sun cinye kilo 160, saura 20 ga ruwan sha da famfo da sauran tarkace. A haka tsakiyar jirgin na lotsawa, gwiwar na baya na dukan kujerar na gaba, filafili na karo da juna sai an daidaita bugu. Ya fi daɗi ga babba ɗaya da yaro, mai nauyin a baya. Wanda zai shiga shi kaɗai ya matso da kujera tsakiya, ya ajiye jarkar ruwa ta lita goma a gaba don hancin ya kama ruwa. Kujerun kada a cika su da iska tam, rabi ya isa. Mutum zai zauna ƙasa-ƙasa, bayansa kuma zai fi jurewa. Filafilin su ne mafi rauni a cikin kayan. Gunduwa-gunduwa suke zuwa ana haɗa su, mahaɗar na yin sako-sako, bakinsu na lanƙwasa idan an ja da ƙarfi, sannan santimita 218 ta yi gajarta ga jirgi mai wannan faɗin, hannu na ta gogar gefe. Mai santimita 230 zuwa 240 shi ne daidai. Araha ba ta ado.

Kaka ita ce lokacinsa. Madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa Gorge a Kano, da Zobe a Dutsin-Ma, da tafkin Jabi a Abuja, duk sun cika sun kwanta, hadari ya ɗauke, iskar hunturu ba ta kankama ba, kututturan da suke tsaye a gefe ruwa ya rufe su da nisa. Ana iya shiga da safe, ana iya shiga da la'asar. A dausayin Hadejia zuwa Nguru lokacin ne tsuntsayen da suke ƙaura daga Turai suke fara sauka, kuma jirgi marar inji marar ƙara irin wannan yana kusantar su sosai. Sai dai can doguwar ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, wanda bai san wurin ba zai shiga lungu ya rasa mafita, don a zaune ƙasa-ƙasa ba ya ganin komai sai ganye. A tafi da ɗan gari.

Da hunturu ya shigo, iska ce abokiyar gaba. Wannan jirgin a saman ruwa yake zaune, abin da ya nutse bai wuce 'yan santimitoci ba, sauran jikin duk a waje yake yana karɓar iska, kamar ƙwarya a kan tafki. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da asuba takan kwanta, wajen ƙarfe tara zuwa goma na safe sai ta tashi ta yi ta ƙaruwa. A babban ruwa irin Tiga, wanda ya sauka daga gaɓar arewa ko ta gabas zai ji tafiya na yi masa daɗi, don iska na tura shi tsakiya. Sai ya juyo zai gane cewa yana bugun filafili amma gaɓa na ƙara nisa. Ƙa'idoji biyu ne suke maganin wannan. Na farko, a sauka daga gaɓar da iska ke bugowa zuwa gare ta, wato ta kudu maso yamma, ta yadda ko an gaji ko filafili ya karye iskar ce za ta dawo da mutum tudu, ko da yake igiyar ruwa ta fi girma a wannan gefen kuma za a jiƙe wajen shiga. Na biyu, a fara tafiya ana fuskantar iska tun da sauran ƙarfi, a dawo tana bayan mutum. Kada a yi nisa da gaɓa fiye da abin da za a iya ninƙaya, mita ɗari ya isa.

Hazo kuma na ɓoye gaɓa. Ranar da ƙura ta sauka sosai, bishiyar da aka yi alama da ita za ta ɓace bayan ɗan nisa kaɗan, kowane gefe ya zama iri ɗaya. A sa alamar wurin sauka a taswirar waya, a sa wayar a jakar da ruwa ba ya shiga, a rataya a wuya ba a ajiye a ƙasan jirgi ba. Ruwan ma da sanyi a Janairu, kuma kayan auduga idan sun jiƙe iska ta buga su, cikin ɗan lokaci hannu zai fara rawa ya kasa riƙe filafili. Kayan 'yan ƙwallo sun fi, da busassun kaya a mota. Babbar riga da jallabiya da dogon hijabi ba kayan shiga wannan jirgin ba ne, a ruwa nauyi suke yi suna naɗe ƙafa.

Kogin Kwara ba ya bin lissafin sauran koguna. Ruwan da aka yi a tsaunukan Gini yana ɗaukar watanni kafin ya ratso fadamun Mali, saboda haka a Yamai kogin na sake cika a tsakiyar hunturu, wajen Janairu, daga nan ya gangaro Gaya ta Nijar da Yauri ya shiga Kainji. Lokacin da ƙananan kogunanmu suka koma yashi da 'yan kududdufai, shi yana da faɗi da ƙarfin ja. Jirgin da saurinsa kilomita huɗu ne ba ya hawa irin wannan ruwan. Wanda zai bi shi sai dai ya gangara, mota na jiransa a ƙasa.

Bazara ce ke kashe waɗannan jiragen, kuma yawanci a tudu suke mutuwa. Lissafin mai sauƙi ne. Matsin iskar da jirgin ke aiki da shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na bar ɗaya ba (bar ma'auni ne na matsin iska). Duk ƙarin zafi na digiri 10 a cikin ɗakin iska yana ƙara matsi da kusan 0.03 na bar. Jirgin da aka hura da ƙarfe bakwai na safe ana digiri 25, aka fito da shi aka yashe a kan yashi da azahar a watan Afrilu, iskar cikinsa na iya haura digiri 50. Ƙarin da aka samu ya kai kusan duk matsin da aka hura masa tun farko, ga robar kuma zafi ya sa ta yi laushi. Abin da ke fara sakewa shi ne ɗinkin cikin ƙasan jirgin, waɗannan layukan da suka raba shi tsawo-tsawo. Za a ji ɗan ƙara, sai a ga ƙullutu ya kumbura a tsakiyar ƙasan inda layi biyu suka haɗe. Wannan ba ya gyaruwa, domin ɓarnar a ciki take inda hannu ba ya kaiwa. Jirgin zai ci gaba da iyo, amma a karkace.

Kariyar ita ce a hura shi ƙasa da layin santimita 10 kaɗan idan rana za ta yi zafi, kuma duk lokacin da aka fito tudu, ko na minti goma ne, a sassauta bawul a rage iska a dukkan ɗakuna uku, a kai shi inuwa ko a bar shi a cikin ruwa a ɗaure. Ba a ɗora shi a hure a kan rufin mota. Ba a barin sa a naɗe a cikin but rana na duka kwana da kwanaki. Da ƙarfe goma na safe ya kamata a ce an fito an naɗe. Filafilin alminiyam kansa zafi yake ɗauka har ya ƙi taɓuwa, mai tuƙi kuma na buƙatar kusan litar ruwa guda a kowace awa.

Ruwa ya ja baya a wannan lokacin, abin da yake ɓoye ya matso sama. A Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, itatuwan da ruwa ya shanye har yau kututturansu na nan tsaye a ƙarƙashi, manyan jiragen katako ma suna fasawa. Kututture mai santsi wannan jirgin kan zame ya wuce ta kansa, reshe mai tsini ne ke yaga shi. A gefen koguna kuma akwai gumbi, wannan ƙayar da ke tsirowa har cikin ruwa. Iska ta tura jirgin cikinta sau ɗaya, a samu huji biyar ko shida ƙanana waɗanda ba a gani da ido.

Tsargiya ma tana cikin lissafi, domin wannan jirgi ne da ake jiƙewa a cikinsa: ana taka ruwa wajen shiga, filafili na ɗigo a cinya, ruwa na taruwa a ƙarƙashin kujera. Ƙwayar cutar daga ƙananan dodon koɗi take fitowa, waɗanda suke zaune a gefen ruwa marar zurfi mai ciyawa, irin bakin dam da magudanan noman rani, kuma ta fi yawa a ruwa da tsakar rana. Ta fata take shiga. A sauka ta wurin yashi ko dutse marar ciyawa, a sa takalmin roba, a goge jiki da tawul da zarar an fito. Wannan yana ragewa ne kawai. Mai shiga ruwa a kai a kai ya riƙa zuwa asibiti gwajin fitsari da bayan gida, kada ya jira sai ya ga jini. Maganinta praziquantel ne, kuma da nauyin jiki ake auna shi.

Damina ba ta buƙatar dogon bayani. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, guguwa na gaba ruwa na baya, kuma tsakanin ganin baƙin gajimare da isowar iskar sau da yawa bai isa mutum ya dawo gaɓa ba, ga sandar ƙarfe a hannu ana tsawa. Kogin Kaduna da Gongola a Agusta da Satumba suna ɗauke da itatuwa da shara, suna matse duk abin da suka ɗauko a jikin ƙafar gada. Ƙananan shingayen siminti da aka gina a kan rafuka sun fi kowane wuri haɗari, don ruwan da ke zubowa ta kansu yana juyawa a gindi ya riƙe mutum ko da rigar kariya. A ƙasan madatsun ruwa kuma ana iya buɗe ƙofa ruwa ya taso ba zato.

Ruwayen nan duk suna da masu su. Kafin a sa jirgi, a je a gaida sarkin ruwa ko shugaban masunta na wurin, a tambayi inda aka kafa kalli, wato ragar kamun kifi, da inda aka shimfiɗa mamari. Mamari doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, alamarta a sama ba ta wuce gorar roba ko guntun soso ba; kwale-kwalen katako na bi ta kai lafiya, na roba kuwa shi ke nan. Fiffiken ƙasan shi ma yana kama kalli ya yaga, a jawo rigima da biyan diyya. Su ne kuma suka san inda dorina take kwana. Akwai ta a yankin Yauri, da Dadin Kowa a Gombe, da Kiri a Adamawa, da Ayoru a Nijar, kuma inda aka ce akwai ta ba a sa wannan jirgin, magana ta ƙare. Manyan madatsun ruwa na ƙarƙashin hukumomin raya kogunan yankinsu, Tiga da Challawa na Hadejia-Jama'are, Goronyo da Bakolori na Sokoto-Rima, da masu gadi a bakin ginin. A nemi izini, a nisanci mashigar ruwa da mafitarsa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta Najeriya, NIWA, ta wajabta rigar kariya ta kuma hana tafiyar dare a hanyoyin ruwa. Wasu wuraren kuma matsalar tsaro ce ta rufe su, wannan mutanen gari za su faɗa.

Masu son kamun kifi da shi su yi hattara da ƙurungu. Ƙayar bayansa da ta gefensa idan ya miƙe su suna huda ƙasan jirgin nan take. A shiga da bokiti mai murfi, kifi ya wuce daga ƙugiya zuwa bokiti kai tsaye. Wanda kamun kifi ne babban nufinsa, Excursion Pro K2 na kamfanin ɗaya ya fi masa: tsawonsa santimita 384, robarsa hawa uku ce, yana zuwa da ma'aunin matsin iska da wurin kafa sandar fatsa. Ya fi tsada, amma ya fi jure ƙaya da rana. Wanda kuma yake tunanin fito da mutane ko kaya, ko sana'ar su ta yau da kullum, ya kai kuɗinsa wajen masassaƙin kwale-kwale.

Faci sai an yi shi, ko ba daɗe ko ba jima. Wanda ke cikin kwalin na wucin gadi ne, zafi na ɗaga shi. Sholishon mai facin taya ba ya kama wannan robar, gam ɗin bututun famfo yana sa wurin ya bushe ya tsage, sufagulu kuma karyewa yake yi da zarar jirgin ya lanƙwasa. Gam na leda mai laushi ta PVC ake nema, irin na gyaran tamfol da katifar iska. A hura jirgin, a shafa ruwan omo da soso, inda kumfa ke tashi a zagaye da biro. A sace iska duka, a goge wurin da sifirit ya bushe. A yanka facin a zagaye, ba mai kusurwa ba, ya wuce hujin da santimita biyu zuwa uku ta kowane gefe. A shafa gam siriri a jikin jirgin da jikin facin, a jira kamar minti biyar har ya daina bin yatsa, a manna, a murje da bayan cokali daga tsakiya zuwa baki, a ɗora nauyi, a bar shi awa 24 kafin a hura. Hujin da ke kan ɗinki da wuya ya riƙe.

Wajen ajiya, a wanke laka, a shanya a inuwa har lungun da ke tsakanin ƙasa da gefe ya bushe, in ba haka ba ya yi fumfuna da wari a damina. A hunturu robar na yin tauri da safe, a naɗe ta da rana kada ta tsage a kan lanƙwasa. Ɓera na cin ta sosai, don haka durom mai murfi ya fi jakar da aka zo da shi, kuma a nisanta shi da fetur da janareta da ɗakin kwano marar silin.

Mai sayen na hannu kada ya biya sai an hura shi a gabansa zuwa layin santimita 10 an bar shi ya kwana a ɗaki. Da safe a sake aunawa: ɗan laushi kaɗan sanyin dare ne, gefe ɗaya ya fi ɗaya laushi kuwa huji ne ko bawul. A kifa shi a duba ƙasan ko da ƙullutu, a murza robar saman gefe, wadda rana ta ci za ta yi fari-fari tana ɗanko ko tana ƙara kamar za ta karye. A tabbatar fiffiken da ma'aunin da murafan bawul biyu suna nan.